Dunƙule Uku daga Adudun Kaka

Akwai wani ƙamshi da ba zan iya kwatanta maka shi ba in ba ka taɓa buɗe tsohon adudu ba. Hayaƙin kara ne a ciki, da busasshen ganyen dogon yaro, da ɗan tsami-tsamin audugar da ta daɗe a rufe. Shekaranjiya ina neman kwarashina da ya ɓata a nan gidana na Gusau, na jawo adudun daga ƙarƙashin gado ko ya faɗa bayansa. Murfin ya zame, ƙamshin ya bugi hancina. Kwarashin dai har yau ban gan shi ba, amma haushin da na ɗauka ya kwanta tuntuni ya taso mini sabo fil.

Adudun na kakata ne, wadda ta haifi babanmu. Gidanmu yana wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi, inda rana ke daɗewa kafin ta leƙo tsakar gida saboda dutse ya tare ta. Bayan ɗakin Kaka akwai 'yar gayaunarta, kuyya kaɗan, ba ta shuka komai a ciki sai auduga, wadda mu can muke kira kaɗa. In an gama girbi, maza sun kai dawa rumbu, ita a lokacin nata aikin ke farawa. Za ta zauna a inuwar zaure da hantsi ta gurje audugar a kan magurji har gurya ta fita, ta ɗauki bakan shiɓa ta yi ta fizgar tsirkiya har audugar ta tashi ta yi laushi. Sai ta shafa alli a yatsu, ta kafa mazari a cikin taskira, ta murza. Wannan ƙarar mazarin da ita na girma, kamar yadda wasu suka girma da ƙarar rediyo.

Bari in gaya maka tun yanzu abin da ni ba a gaya mini ba. Yawancin zaren da Kaka ke kaɗawa na sayarwa ne ko na kyauta. Amma kowace shekara takan ware mafi fari, mafi siriri, ta dunƙule shi ta sa a adudu. Likkafaninta take tarawa. Haka mahaifiyarta ta yi, haka ita ma ta ƙudurta, ba za a naɗe ta da yadin da ba ta san hannun da ya yi shi ba. Wani tsohon masaƙi a Tsafe ya gaya mata dunƙule goma sha biyu irin nata za su isa. Duk wani babba a gidan ya san da wannan. Mu yara ne kawai aka bari a duhu, don a gidanmu ba a yi wa yaro maganar mutuwa. Abin da aka ce mana shi ne kada a taɓa adudun Kaka, shi ke nan. To ka gaya mini, wane abu ne a gidan Bahaushe ba a ce wa yaro kada ya taɓa ba? Har ludayi an hana mu taɓawa.

Ni da Kaka kuwa ba mu jituwa a kan kaɗi. Ta so ta koya mini, tun da ni ce babbar jikarta mace, sai aka yi rashin sa'a ni bahaguwa ce. Da na kai hannun hagu kan mazari sai in ji bakan shiɓa a bayan hannuna.

"Da wanga hannu za ki taɓa mani mazari? Aje!"

In na sauya zuwa dama, mazarin ya yi ta tangaɗi, zaren ya fito wani wuri kamar igiya wani wuri kamar gashi, ya tsinke. In ta kau da kai na koma hagu, murɗin ya bi baya, da ta haɗa da nata sai ya warware. Ta yi tsaki, in yi kuka, Inna ta leƙo daga madafi ta ce in tashi in kawo ruwa. Haka muka yi ta yi har na tsani ganin auduga.

Ina shekara tara ƙanwar babanmu, Gwaggo, ta ɗauke ni zuwa Gusau ta sa ni makaranta. A can na haɗu da kwarashi. Malamar aikin hannu ba ta damu da wane hannu ka riƙe ba, ita dai ta ga aiki. Cikin 'yan watanni na fi kowa a ajin, ina saƙa hular jarirai da safa da ulu mai launi-launi. Kaina ya kumbura. Ina dawowa ƙauye hutu ina kallon mazarin Kaka kamar wani kayan tarihi.

A hutun damina na shekara ta uku malamar ta ce kowa ta kawo abin da ta saƙa cikin sati biyu da komawa makaranta, za a ba da maki. Ulu babu shi a ƙauye, Gwaggo kuma ta riga ta ce ta gaji da saye. Lokacin idon Kaka ya fara yin yana, hannunta yana ɗan rawa, amma a shekarar ta cika dunƙule na goma sha biyu, tana jiran a gama girbi ta tafi Tsafe. Ana gobe zan koma, Kaka ta tafi taron suna a ƙauyen Furfuri tare da matan gida. Na shiga ɗakinta na buɗe adudun. Na ga zare fari tas, jere, ba ya aikin komai. A raina na ce wannan tsohuwa da rowa take. Na ɗauki uku, na mayar da murfi yadda na same shi. Ban tsaya nan ba, na shiga ɗakin Inna na ƙulle 'yar galura a tsumma, irin wadda take rina kaba da ita in za ta yi faifai.

A Gusau na dafa zaren a galura ya fito ruwan hoda, na shanya, na zauna sati biyu ina saƙa shimfiɗar tebur mai fure a tsakiya da geza a baki. Ranar da na kai, malamar ta ɗaga ta da yatsa biyu a gaban aji. Ta ce wannan wane irin zare ne na ƙauye, me ya hana ni sayen ulu kamar kowa? Ga shi galurar ta ɗan taɓa mata hannu. Ta ba ni makin da ban taɓa samun mai ƙanƙantarsa ba. Ka ji fa, abin da aka ɓata likkafanin mutum dominsa ke nan.

Abin da ya faru a gida bayan tafiyata daga baya Inna ta ba ni labari. An gama girbi, Baba ya ɗauki Kaka da adudunta suka shiga mota zuwa Tsafe. Ba ta ƙirga ba kafin su tashi, me za ta ƙirga, abin da ta sani kamar yatsunta? Masaƙin ya buɗe ya jera a tabarma, tara. Ya ce ko ya ja wadarin saƙar ba za su kai ba, likkafanin mace ba ƙyalle ɗaya ba ne. Suka dawo da abinsu. A gida wasu suka ce ɓera ne. Kaka ta ce ita ba ta taɓa ganin ɓeran da ke mayar da murfi ba.

Ni kuwa da hutu ya zo, na naɗe shimfiɗar nan na taho da ita. Tun da malama ta raina, na ce bari in kai wa Kaka tsaraba, ta ga abin da hannun hagun da take duka ya iya. Na same ta a zaure da la'asar, na durƙusa na gaishe ta, na ɗora mata a cinya. Ba ta gani sosai, sai ta bi da yatsu. Ta shafa furen, ta shafa gezar, ta kama silin zare ɗaya ta murza tsakanin babban yatsa da manuni. Hannunta ya tsaya.

"Wanga zarena ne," in ji ta.

Na ce e, uku kawai na ɗauka, ai akwai saura da yawa.

Inna da ke tankaɗe a gefe ta saki rariya. Ta fizgo ni ta kai ni bayan rumbu, a nan ta gaya mini ko zaren mene ne, tana magana tana kuka tana girgiza ni. Na ce mata don me ba a gaya mini ba? Ta ce wa ke gaya wa yaro irin wannan? Har yau in na tuna wannan amsa raina ɓaci yake yi.

Da na koma zaure, Kaka na nan yadda na bar ta. Na so ta ɗauki bakan shiɓa ta zane ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai wane launi ne, don ita duhu-duhu take gani. Na ce ruwan hoda.

Sai ta ce, "Da kin bar shi hwari, ɗiyata, da mun warware."

Babu abin da ban yi wa shimfiɗar nan ba a hutun. Na wanke da sabulu, na jiƙa a ruwan toka, na matse lemun tsami, na shanya a kan dutse kwana da kwanaki. Ta koɗe, amma fari ya tafi ke nan. Na ɗauki mazari da hannun dama na zauna kullum daga hantsi har azahar, abin da na kaɗa ko ɗaurin buhu ba zai yi ba. Baba ya ce a sayo zaren kanti a cika, ta ce a'a. Tsofaffin unguwa ƙawayenta suka ce kowace za ta kaɗa mata ɗaya, ta yi godiya ta ce a'a, nata hannun take so. Wallahi a lokacin har ita na ji haushi. Ga hanya an kawo mata har biyu, ta toshe kowace, ta bar ni da nauyin a wuya. Ta koma ta kafa mazari da kanta, hannu na rawa, zare na tsinkewa, tana lalube tana ɗaurawa. Shekara guda cur da ƙyar ta haɗa rabin dunƙule.

Da damina ta biyu ta rasu, da hantsi, ina makaranta a Gusau. Gawa ba ta jira. Ƙanin Baba ya hau keke ya je Bungudu ya yanko farin yadi, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Da na iso bayan kwana biyu, limamin ƙauyenmu ya ga irin kukan da nake yi, ya ce in yi haƙuri, Allah ba ya duba yadin da aka naɗe bawa da shi, aikinsa yake dubawa. Na san gaskiya ya faɗa. Sai dai abu ɗaya tsohuwar nan ta roƙa wa kanta a duniya, ta yi shekaru tana tara shi sili-sili, ni kuma na mayar da shi shimfiɗar tebur, a gidan da ko teburin babu.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta miƙo mini adudun, ta ce Kaka ta ce a ba ni. Na buɗe. Dunƙule tara, da rabin nan mai ƙulle-ƙulle, da mazarinta. A sama kuma shimfiɗata ce a ninke, ta rufe zaren da ita. Inna ta ce duk baƙuwar da ta zo gaishe ta sai ta sa an ɗauko ta nuna mata, tana cewa jikarta ta yi, kuma da hannun hagu. Ni ba ta taɓa faɗa mini haka ba ko sau ɗaya.

Yanzu na haura arba'in da 'yan kai. Kwarashi bai bar hannuna ba, in na dawo daga aiki shi ne hutuna, kuma da wuya a yi haihuwa a layinmu ban kai hula da safa ba. Shekaru kaɗan da suka wuce wata tsohuwa daga Karakkai ta tare kusa da mu, cikin waɗanda zaman ƙauye ya gagara. Na ga mazari a kayanta, na liƙe mata. Da girmana da 'ya'yana na zauna a gabanta ina koyon kaɗi da hannun dama, don murɗin ya bi na Kaka. Audugar ma sai da na yi ta aike kafin a samo mini mai kyau. Shekara uku na yi, na cika dunƙule ukun nan, farare, sirara, waɗanda na tabbata ko Kaka sai ta murza sau biyu kafin ta yi tsaki.

Na ɗauki adudu na tafi Tsafe da murnata. Masaƙin ya daɗe da rasuwa, rumfarsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Ɗansa ya ce shi bai koya ba, babur yake ja. Aka ce in gwada Bungudu, na je, aka nuna mini wani tsoho da ya ce bayansa ya hana shi zama, masaƙar ma gara ta cinye. A nan Gusau duk wanda na tambaya sai ya ce ai akwai wani a wuri kaza, in na je a ce ya bari ko ya tashi. Wani matashi a kasuwa har dariya ya yi mini, ya ce Hajiya ga yadi nan dila-dila, me za ki yi da wahala?

Shekaranjiyar nan da murfin ya zame, babbar 'yata na ɗakin. Ita ma tana saƙa, a waya take koyo. Ta hango zaren ta ce kai, Mama, wannan ai zai yi mayafi mai kyau, ta kai hannu. Na daka mata tsawa na ce kada ta kuskura ta taɓa. Ta janye hannu tana kallona, ni kuma na ji muryar mutanen gidanmu ce ta fito daga bakina. Sai na ce ta zauna. Na gaya mata komai, da Kaka, da galura, da keken da aka hau zuwa Bungudu. Na ce mata wannan zaren likkafani ne, bai samu mai shi ba, don haka nawa ne in Allah ya yarda, kuma ita nake gaya wa don ita za ta tsaya a kai.

Idonta ya kawo ruwa. Can ta ce, "To Mama, in ba a samu mai saƙawa ba fa?"

Na jawo adudun gabana. Na ninke shimfiɗar nan mai ruwan hoda na rufe zaren da ita yadda Kaka ta yi, na mayar da murfi. Dunƙule goma sha biyu ne cif a ciki, ban da rabin nan na Kaka, na biya abin da na ɗauka tun ina yarinya, amma har yau likkafanin bai zama yadi ba.