Shekarar da Ba a Yi wa Malam Bisada Barka Ba

Malam Bisada ɗan Abdulmalak mutumin garin Akhmim ne, Bakibɗe, wato ɗaya daga cikin Kiristocin asali na ƙasar, daga zuriyar masaƙa. Kakansa masaƙi, mahaifinsa masaƙi, shi kaɗai Allah ya karkatar da hannunsa daga ƙoshiya zuwa alƙalami. Ya koyi rubutun Larabci har hannunsa ya faɗa, ta yadda malaman garin kan ce alifinsa ya fi na wasu masu rawani miƙewa.

Shekara arba'in ya yi a ƙaramin shagonsa na layin masaƙa yana yin katunan barka da hannu. Sau biyu a shekara aikinsa ke tashi: da kaka, idan dabino ya yi ja Kibɗawa suka shiga sabuwar shekararsu, sai kuma tsakiyar sanyi, gab da bikin haihuwar Almasihu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Yakan yanke takarda mai kauri, ya kewaye gefenta da ragowar zaren alharini da masaƙa ke zubarwa, ya manne da ƙaro, sa'an nan ya fere alƙalamin kara ya rubuta gaisuwa da sunan wanda za a aika wa. Kowane gida kan kawo masa jerin sunayen mutanensa.

Ba kyan rubutu kaɗai ya sa ake zuwa wurinsa ba. A wajen mutanen nan, gidan da aka yi rashi ba a yi masa barka a bikin farko bayan rasuwar. Ba a toya kayan biki a cikinsa, ba a aika masa kati. Ana zuwa ne a zauna shiru a sha baƙin gahawa marar sukari. Wanda ya yi kuskuren aika barka gidan makoki ya ja wa kansa gaba ta shekaru. Malam Bisada ya san duk wanda ya rasu a garin da ƙauyukansa, saboda haka idan an miƙo masa jeri yakan bi shi da ido, ya ja layi a kan sunan da bai dace ba. Abin alfaharinsa a duniya shi ne katinsa bai taɓa faɗawa gidan makoki ba.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa Afifa ke riƙe masa gida. Ɗansa namiji tilo, Nashid, ya tafi Iraƙi aikin gini shekara uku ke nan, ya bar matarsa da 'ya'yansa biyu a gidan mahaifinta, Fakhri mai gidan burodi. Wasiƙar Nashid ba ta taɓa wuce wata guda ba ta zo ba, amma a wannan shekara tun bikin dabino ba a ji daga gare shi ba. Kullum da safe tsohon yakan tare mai raba wasiƙu a bakin layi, kullum ya dawo hannu sake. Likita kuma ya riga ya ja kunnen Afifa cewa zuciyar mahaifinta ba za ta ɗauki girgiza ba.

Saura kwana goma biki, wata safiya, Gwaggo Bahiya ta shigo da jerinta. Tsohuwa ce da ta yi shekara talatin tana ba shi aiki. Ya saka tabarau ya karanta.

"Kin tsallake gidan surukina Fakhri," in ji shi. "Ko burodinsa ya karya miki haƙori?"

"Haƙori nawa ya rage mini da zai karya? Zan je musu da ƙafata, Malam."

"To ni fa? Kowace shekara sai kin sa na rubuta wa kaina barka da hannuna, ki dangwala suna ki miƙo mini kamar kin yi wahala. Bana na zama bare?"

"Takardar ce ta ƙare," ta ce, idonta na kan ƙofa. Ta fita da sauri har ta manta jakar lemunta.

Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce tsufa ya fara yi wa Bahiya sata. Bayanta mai kantin magani ya aiko da nasa jerin, sai malamar makarantar 'yan mata, sai wani tela. Dukansu mutane ne da ba su taɓa barin sunansa ba. Kafin azahar takardu huɗu suka taru a kan teburinsa. Ya jera su gefe da gefe ya duba, kamar yadda ya saba dubawa don wasu. A cikin kowace, sunaye biyu ne babu: gidan Fakhri da gidansa.

Alƙalamin ya tsaya a hannunsa har tawadar ta bushe. Fakhri kam ya gan shi jiya a bakin tanda. Jikokinsa sun wuce ta gaban shagon da safe za su makaranta, uwarsu na biye da su. Ya lissafa mutanen gidajen biyu ɗaya bayan ɗaya, kowa na nan da ransa. Mutum ɗaya ne kaɗai ya haɗa gidajen nan biyu wanda idonsa bai gani ba: Nashid.

Bai yarda ba. Ya gaya wa kansa cewa shaiɗan ne ke yi masa raɗa. Sai ya ɗauki takarda mafi kyau, ya kewaye ta da jan alharini, ya rubuta barka da sunansa a kai. Ya tsallaka layi zuwa masaƙar Alhaji Dardir, maƙwabcinsa Musulmi, abokinsa na shekara hamsin, wanda duk Akhmim ta shaida bakinsa bai iya ƙarya ba.

Alhaji Dardir ya ɗago kai daga saƙa. "Maraba da mai cin wake. Kwana nawa ya rage a azumin nan naku? Har ka fara kama da ƙwayar waken."

"Kai da kake azumin wata guda ka fito da sabon tumbi," in ji Bisada. Muryarsa ba ta bi zolayar ba. Ya ajiye katin a kan zaren, ya miƙa alƙalami. "Sa mini hannu a nan, Alhaji, kamar kowace shekara."

"Ai da sauran kwana goma. Gaggawar me?"

"Yau nake so."

"Hannuna duk shuni ne, zan ɓata maka takarda."

"Ɓata ta. Ni na yi ta."

Alhaji Dardir ya karɓi alƙalamin. Ya kai bakin alƙalamin kan takardar ya tsaya. Masaƙar da ke gefe ta yi shiru. Bisada na kallon yatsun nan da suka yi shekara hamsin suna jefa ƙoshiya ba kuskure, yau sun kasa jan harafi ɗaya. Daga ƙarshe Alhaji ya ajiye alƙalamin, ya tashi tsaye, ya kama kafaɗun abokinsa.

"Zauna, ɗan'uwana. Daga Allah muke, gare shi za mu koma."

Bisada bai zauna ba. "Yaushe?"

"Kwana goma sha tara da zuwan labarin. Bangon da suke ginawa ne ya rufto musu, su uku. Wani mutumin garin Suhaj da ke aiki tare da Nashid ya dawo ya gaya wa limamin cocinku. Can aka binne shi. Aka ce a jira bayan biki, a kawo likita kusa, sa'an nan a gaya maka."

"Wa ya ce?"

"Liman da Fakhri. Ni ma na yarda, Allah ya yafe mini."

"Wa ya sani?"

Alhaji Dardir ya sunkuyar da kai. "Ka tambayi wanda bai sani ba."

"Mai raba wasiƙu, da nake tare shi kullum?"

"Ya sani."

"Afifa?"

Alhaji ya gyaɗa kai. Bisada ya juya ya fita. Layin da ya bi shekara arba'in ya zame masa baƙo. Mai sayar da gahawa ya kau da kai, mata biyu suka shige lungu. Sai yanzu ya tuna cewa kusan mako uku ke nan ba wanda ya tsaya hira a shagonsa, kuma rediyon wanzami ya daina kiɗa idan ya zo wucewa.

Ya tarar da Afifa a madafa tana tsince shinkafa. Kwana uku da suka wuce ya yi mata faɗa don ba ta sayi fulawa da man shanu na kayan biki ba, har ya kira ta malalaciya. Da ta ga fuskarsa, faifan ya suɓuce daga cinyarta.

"Baba."

"An yi masa addu'ar kwana uku?"

"An yi, Baba. A gidan Fakhri, da la'asar."

"Ni ina ina a lokacin?"

"Kana shago. Ranar da ka gama katunan gidan alƙali, ka dawo kana murna." Kukan da ta ɓoye kwana goma sha tara ya ƙwace mata. "Sama nake hawa in yi, wajen tattabaru, don kada ka ji. Likita ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce."

Ya dafa bango ya daɗe a tsaye. Afifa ta zuba masa ido tana jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Ya cire tabarau ya naɗe, ya ce mata ta sa baƙaƙen kayanta, ta ɗora gahawa kada ta sa sukari, ta aika a kira matar Nashid ta zo ta yi kukanta a gidan mijinta. Shi da kansa ya riƙa fito da kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙofar gida. Alhaji Dardir ya zo zai kama masa, ya hana shi.

Kafin la'asar layin ya cika. Mutane suka zo suka zauna, babu mai iya haɗa ido da shi. Limamin coci ya iso daga baya, ya riƙe hannunsa, ya fara cewa don tausayi aka yi.

"Na sani, Uba," in ji Malam Bisada. "Amma kwana arba'in ake ba uba ya yi kukan ɗansa. Kun cinye mini goma sha tara. Ku bar mini sauran."

Ya zauna a kujerar farko kusa da ƙofa, ya rufe fuskarsa da hannun rigarsa, ya fara kukan ɗansa.