Allin da na ɗauka a ƙarshe

Har in bar aikin nan ba na jin zan manta da Talatar da sufeto ya zo duba ni. Lokacin ina ɗan kwantaragi a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Gaya, ina koyar da adabi ga masu shirin bak, jarrabawar shiga jami'a. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, sufeto yakan zauna a bayan aji awa guda ya ba ka maki, kuma makin nan ake dubawa in za a ɗauke ka aikin dindindin. Shekara biyar ina jiran wannan awar.

Halin ɗalibanmu kun san shi, duk abin da mushe, wato malami, ya rubuta a allo ya zauna ke nan har abada. Mako biyu kafin nan mun karanta wani labari mai kogi a ciki, na yi ta fama da su har muka gano kogin yana nuna rabuwa. Na rubuta haka da alli, suka kwafe, suka haddace.

Ranar sufeto na raba musu sabon labari gajere. Wani direban kamyo ne, babbar motar kaya, ya maƙale a bakin duwan, wato kwastan, kwana shida, takardunsa ba su fito ba, amma kullum da safe sai ya wanke motarsa fes. Babu kogi a labarin, ko rijiya babu. Na tambaye su me marubucin ke son mu gane da wannan wankin. Hannuwa suka tashi rututu, har na ji sanyi a raina. Na farko ya miƙe ya ce kogin yana nuna rabuwa. Na ce wane kogi? Ta biyu ta ce ruwan bokitin shi ne kogin. Na uku, wani ɗan garin Bana mai ƙoƙari, ya ƙara da cewa soson ma rabuwa ne. Ashe tun jiya suka haɗa baki za su fid da ni kunya gaban baƙo! Wallahi kamar in fashe don haushi, shi kuwa sufeto sai rubutu yake yi.

Na ajiye allin. Ƙa'ida ita ce Faransanci kawai a aji, amma na juya Hausa na ce kowa ya rufe kaye, littafin rubutunsa, wanda ubansa ko wansa ke tuƙin mota ya ɗaga hannu. Fiye da rabin ajin suka ɗaga. Na ce to, me zai sa mutum ya wanke motar da ba inda za ta? Can sai Ramatu, yarinyar da ban taɓa jin muryarta ba, ta yi magana daga zaune.

"Mushe, babana yana yin haka in an tsayar da su a iyakar Malanville. Ya ce in ya bar ta da datti mutane za su ɗauka ya haƙura, shi ma sai ya fara yarda."

Nan ajin ya ɓarke, kowa da labarin nasa direban. Na mayar da su Faransanci, suka dinga tono jimlolin da ke nuna haka a cikin labarin da kansu. Don murna na juya na rubuta maganar Ramatu a allo.

A ofis sufeto ya rage min maki saboda Hausar, amma ya ce na haye. Yana haɗa takardunsa ya ce, "Malam, ba Hausar ce babban kuskurenka ba. Allin da ka ɗauka a ƙarshe ne."

Ban gane ba sai da na zo gyaran jarrabawar da ta biyo baya. Labarin wani ɓarawon akuya na ba su. Takarda bayan takarda, wai ya saci akuyar ne don kada mutane su ɗauka ya haƙura. Na yi ta neman ta Ramatu ko zan huce. Ita ma abin da ta rubuta ke nan, har ta ƙara a gaba: kamar yadda mushe ya ce.

An ɗauke ni aikin, alhamdu lillahi. Amma ku da kuke shigowa aikin koyarwa yanzu, ku sani yaran nan ba tunani suka rasa ba, mu ne muka koya musu cewa tunanin ba nasu ba ne sai ya bi ta hannunmu. Tun ranar nan tambaya kaɗai nake rubutawa a allo.