Sati Biyar a Asibitin Doha Babu Lasisi

Mun tashi da asuba daga Zariya mu uku: ni, da wata ungozoma da muka yi makarantar jinya tare, da wani nas ɗan Gusau da ranar na fara ganinsa. Wani kamfani ne ya ɗauke mu aikin wata huɗu a wani asibiti mai zaman kansa a Doha, mu cike gurbin ma'aikatan da ke tafiya hutu lokacin zafi. Hanyar Kano lafiya lau, sai kusa da Kwanar Ɗangora inda wata tirela ta kwanta. Nan muka yi kusan awa guda muna cin dafaffiyar gyaɗa muna duba agogo.

Duk wanda ya ce muku ya san zafi don ya zauna Sakkwato, ku tura shi Doha a watan Yuli. Ƙofar filin jirgi na buɗewa tabarauna ya rufe da tururi. An sauke mu mata a wani gida a Ain Khaled, mu huɗu a ɗaki, tare da wata 'yar Filifin da wata 'yar Indiya. Titunansu faɗi gare su, ba rami ko ɗaya, amma da rana ba ka ganin mai tafiya a ƙafa. Motar asibiti na zuwa ƙarfe shida, direban kuma bai san wata gaisuwa ba sai "yalla, yalla", wato a yi sauri. Shayin karak ya karɓe ni tun ranar farko. Shinkafarsu ta majbus akwai ƙamshi, yaji ne dai babu. Albasa kuwa, bayan sati guda na daina juya kuɗinta zuwa naira, don abinci ya samu ya wuce.

Ku da kuke ta tambayata batun lasisi, ga yadda yake. A gida lasisi ɗaya zai kai ki daga Sakkwato har Kalaba. A can bai isa ki ba mara lafiya ko da farasitamol ba. Jarrabawarsu ta kwamfuta tun a gida muka ci, saura tantance takardu kawai. 'Yar Filifin ɗin nan lasisin ƙasa uku gare ta, ta ce 'yar uwarta da ke Amurka ma kowace jiha da nata, sai jihohin da suka yarda da na juna. Lasisin abokan tafiyata ya fito cikin kwana goma. Nawa ya maƙale, domin a takardar makaranta sunan mahaifina Muhammad ne, a fasfo kuma Mohammed. Aka ce mutum biyu ne sai na kawo shaida. Aka ba ni riga da kati, aka ce in riƙa bin ma'aikata ina kallo, kada in taɓa kowa. Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya, na koma mai miƙa auduga.

A sati na huɗu, wajen azahar, aka kawo wani dattijo mai gadi daga Industrial Area, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Yana ta maimaita kalmar ciki da Turanci, har an fara maganar ba shi maganin gyambon ciki. Sai na ji ya ce, "Wash, Allah."

Na matsa kusa na ce, "Sannu, Baba. Ina ne ke maka ciwo?"

Ya buɗe ido. "'Yata, Bahaushiya ce ke? Ba ciki ba ne, ƙirji ne. Kamar an ɗora mini buhun siminti, har hannun hagu. Ciki kaɗai na iya faɗa da yarensu."

Na gaya wa likita, aka jona masa na'urar auna zuciya, nan take ɗakin ya hargitse. Bugun zuciya ne. Ana bukatar sa masa allurar ƙarin ruwa a jijiya maza-maza, ga shi zafi ya busar da shi, jijiyoyin duk sun ɓuya. Nas ɗin da ke kansa shekararta biyu da fara aiki. Ta soka ta farko, babu. Ta biyu ma babu. Ni kuwa ina ganin jijiyar daga inda nake tsaye. In na karɓi allurar nan, an gaya mana tun ranar farko, ba lasisi har abada, sai jirgin gida, asibitin ma ya shiga uku. Na riƙe hannuwana a baya na ce mata ta bar gwiwar hannu ta dawo gefen babban yatsa, ta kwantar da allurar sosai. Jini ya fito.

Ana tura shi zuwa motar da za ta kai shi asibitin zuciya ya ce, "Me ya hana ke ki sa mini?"

"Takardata ba ta fito ba, Baba."

"To, Allah ya fito da ita."

Daga baya wani abokin aikinsa ya zo karɓar kayansa, ya ce an buɗe masa jijiyar da ta toshe, yana samun sauƙi.

Yayana ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da tsohuwar makarantarmu har aka samo takardar rantsuwa, ya aiko mini. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Mushairib na kai ta wani ofis. Ma'aikacin ya duba ta minti biyu ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ƙarshen sati na biyar lasisin ya fito. Sauran watannin aiki ne kawai, mara lafiya biyar ga nas ɗaya, kuma duk abin da ka yi sai ka rubuta, ko filo ka gyara.

Mun sauka Kano da hantsi, damina ta riga ta wuce, la'asar ta yi mana a Zariya. Abin da na koyo ba shi da yawa. Ku jera takardunku a tabarma ku karanta sunanku harafi-harafi kafin ku nemi aikin waje. Ku sabunta lasisin gida, kada kuma ku ajiye aikinku sai na can ya fito. Na can ɗin ma a ɗaure yake da kafil, wato asibitin da ya ɗauke ku, ranar da kwantiragi ya ƙare ya zama takardar ajiya.

A jirgin dawowa ɗan Gusau ya tambaye ni, "Anti, da nas ɗin nan ta kuskure jijiyar Baba karo na uku fa?" Na ce masa ban sani ba. Yau kwanana tara a gida, na koma aiki, kuma har yanzu amsar ke nan.