Abin da Auta ba ta faɗa wa tsohon tela ba

Ƙanwata Auta ma'aikaciyar jinya ce a asibitin dabbobi, shekara tara ke nan. Tun tana 'yar mitsitsiya take kwaso mana kaji masu ɗingishi, Umma na faɗa, ita tana ɗaure musu ƙafa da tsumma. Da ta gama karatu kuwa, muka shiga uku da iyayi. Har wanke hannu sai da ta koya mini, ni da na yi mata wanka.

Gwajin wata uku aka ɗauke ta. Likitar wurin mace ce mai tabarau a kan hanci, ba ta maimaita magana. A mako na biyu wani tsohon tela ya kawo kyanwarsa cikin kwali, da ƙari a cikinta. Aka sa aikin tiyata washegari, aka bar wa Auta ta yi masa bayani. Dokar ɗaya ce: kada kyanwar ta ci komai, don in aka yi mata allurar barci da abinci a ciki, amai kan shaƙe ta. Tsohon ya shiga ba ta labarin yadda kyanwar ke kwana kan ragowar yadi, Auta na ta dariya, ta raka shi har ƙofa. Ba ta faɗa masa ba. Da safe ma ba ta tambaya ba, ta dai sa alama a takarda cewa cikin babu komai.

Ana tsakiyar aiki kyanwar ta fara amai. Da ƙyar aka ceto ta. Likita ta fito ko safar hannu ba ta cire ba, ta sami tsohon a benci cikin masu jira.

"Baba, ba a ce maka kada ka ba ta abinci ba? Saura ƙiris ka kashe ta da hannunka!"

Auta na tsaye a bayanta riƙe da tiren almakashi. Tsohon ya dube ta, sannan ya sunkuyar da kai.

"An faɗa mini, likita. Tsufa ne, na manta."

Wata mata da ta kawo kare ta ja tsaki. Auta ta juya ta koma ciki da tirenta.

Da ta dawo gida ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa mini, tana kuka. Ban raga mata ba, na ce gobe ta je ta wanke bawan Allah.

"Yaya, in na faɗa sallamata za su yi," in ji ta.

Gobe ta zama jibi. Ranar cire wa kyanwar zaren ɗinki ta faki ido ta durƙusa kusa da tsohon.

"Baba, ka yafe ni."

"Tashi, 'yata, kada a gan ki. Tawa kunyar ta yini ɗaya ce. Ki riƙe aikinki."

Ta riƙe kuwa. Yau babu mai kai ta iya yi wa masu dabbobi bayani, sai ta sa mutum ya maimaita mata da bakinsa. Telan ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Amma duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci, likita kan ba shi labarin tsohon da ya kusa kashe kyanwarsa da mantuwa, ta juya ta ce, "Ko ba haka aka yi ba, Auta?"

Har yau Auta kai take gyaɗawa.