Sunan Mani a Gaba

Mahmudu Gado ɗan makiyaya ne daga bayan Matankari. A gidansu yaro ba ya shiga gaban babba, ko a hanyar rijiya, ko wajen sa hannu a akushi. Da wannan tarbiyya ya yi lekkwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, da ita kuma ya zama malamin jami'a mai koyar da dokar manyan laifuffuka.

Bincikensa a kan satar shanu ne. Shekara da shekaru yana zarya tsakanin kasuwar Kore Mairuwa da ofisoshin jandarma, yana zama da ɓarayin da aka jefa kaso, wato kurkuku, da waɗanda aka wawashe wa garke. Ya rubuta, mujallu suka buga. Sai dai kowace maƙala sunan tsohon malaminsa, Farfesa Mani, yake sawa a gaba, nasa a baya. Mani bai taɓa taka Kore Mairuwa ba. Bai kuma taɓa cewa a cire sunansa ba.

Da Mahmudu ya nemi ƙarin girma, damarsa ta ƙarshe kafin shekarun ajiye aiki su cim masa, masu auna aikin malamai suka ce wanda sunansa ke gaba shi ne mai maƙala. A awonsu, bai yi komai ba. Hanya ɗaya ta rage: Mani ya shaida cewa aikin na Mahmudu ne.

Yayarsa Kaltume ta ce, "Kai wane irin sakarai ne? Ka yi tatsa, ka miƙa ma wani ƙwaryar? Tai ka gaya mishi!"

"Yaya, shi ya koyar da ni."

"Ni ko ni na goya ka. Ina sunana?"

Ya je gidan Mani. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa da furfurarsa. Mani ya ce, "Ɗana! Cikin yaran yanzu kai kaɗai ka rage mai kunya." Ya sa aka kawo fura. Mahmudu ya sha, ya tambayi tsohon ya ciwon ƙafa, ya yi sallama ya fito. 

Wa'adin kawo shaidar ya wuce. Ɗalibansa na da suka haye kansa, ya ajiye aiki a matsayin da ya tsufa a kai. Yanzu yana Matankari da 'yan awakinsa. Masu nazarin satar shanu a Arewa Mani suke ambato. Kaltume ta daina tada zancen, shi kuma bai ƙara rubuta komai ba.