Fitilun da Na Hana Ka Sakawa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, ana idar da sallar la'asar ɗanka ya kira ni ya ce Allah ya karɓi abinsa. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Amma Malam Mai Wuta, ka tafi da maganar da na yi wata huɗu ina ajiye maka.

Duk wanda ka yi wa aikin lantarki ya san halinka. Ba ka tsara fitilun waje da rana. Sai magariba ta kawo jiki za ka zo da turaku a buhu, ka nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ka ce ya yi tafiyarsa yadda ya saba. A namu gidan Inna ce, mahaifiyata. Ka bi ta a baya tun daga ɗakinta har gindin lemo inda take alwala, duk inda ƙafarta ta yi jinkiri ka kafa turke. Tana ta tsokanarka, wai tunda take ba ta taɓa samun ɗan rakiya mai furfura ba.

Turke tara ka kafa, ka ce kowanne ƙaramar fitila, iya gwiwa, tana kallon ƙasa. Ni kuwa babbar fitila nake so a saman katanga, wadda za ta haska furanni da bishiyoyi don masu wucewa su gani.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, waccan ido za ta kashe wa tsohuwa. Ƙafa ake haska wa."

Na ce maka gidana ne, kuma zamani ya wuce ka. A gaban mutane na faɗa. Ka ɗauki buhunka ka yi mini sallama. Na kira wani ya yi mini yadda nake so.

Sati uku tsakani hasken ya kashe wa Inna ido a kan matakala, ta faɗi ta karye a ƙugu. Har yau da sanda take tafiya. Na san ya kamata in zo in ba ka haƙuri. Sau biyu ina zuwa bakin layinku, girman kai yana juyo da ni.

Da na je gaisuwa, maiɗakinka ta ce tun da ka ji labarin ka kasa sukuni. Wai laifinka ne da ba ka dage ba, kuma kana ta shirin zuwa neman gafarata kunya ta hana ka. Ni za ka nemi gafarata, Malam?

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashi. Su da ka bari nake roƙo su yafe mini a madadinka, tunda kai na makara.