Kabari Huɗu a Gangaren Dutse

Duk wanda ya zauna a unguwar ma'aikatan asibitin mishan, can yamma da Madawa, a shekarun casa'in, ya san Toma kafinta ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Mutum ne dogo, siriri, mai ɗingishi a ƙafar hagu. In ka gaishe shi sai ya gama buga ƙusar da ke hannunsa kafin ya amsa. Wasu suna cewa girman kai ne, amma waɗanda suka daɗe da shi sun san ya fi sabawa da katako ne a kan mutane.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Karofane. Yana saurayi aka kawo shi asibitin a bayan jaki, da gyambon da ya kusa cinye masa ƙafa. Ƙafa ta warke, shi kuwa bai koma ba. Ya koyi aikin katako, ya yi baftisma, aka sa masa suna Toma. Yayyensa suka aiko masa cewa kada ya sake taka gidansu, ko da ta'aziyya ce. Suka kuwa cika maganarsu, don sai a bakin wani mai sayar da albasa ya ji rasuwar mahaifinsa, bayan an daɗe da share makoki.

Aikinsa bencin majami'a, ƙofofi, da sandunan guragu. Amma abin da ya fi zuba wa zuciya shi ne akwatin gawa da gicciyen da ake kafawa a kan kabari. Ba ya yarda a rubuta sunan mamaci da fenti, yana cewa damina biyu ta isa ta wanke shi. Sai ya zauna da kurfi ya sassaƙa sunan cikin itace, harafi bayan harafi, ko da dangin mamacin suna tsaye a kansa suna gaggawa. Haka ya yi wa matarsa Salome lokacin da ciwon ƙirji ya ɗauke ta, ta bar shi da ɗa guda, Timoti.

Timoti bai ɗauko komai na ubansa ba sai tsawo. Yaro ne mai surutu da dariya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Lakwal, wato makarantar boko, ta gagare shi, katako ya gundure shi, abin da ke ransa mota. Ya gudu tashar Madawa ya zama aparanti, wato yaron mota, yana ɗaure kaya yana lilo a bayan mota, har ya samu parmin tuƙi, wani mai albasa ya damƙa masa tsohuwar Pijo mai buɗaɗɗen baya. Da ita yake bin kasuwannin Buza da Keita har Ibohamane.

Samarin direbobin wancan lokaci kuwa, Allah dai ya shirya. Gemu bai gama fito musu ba, amma kowannensu gani yake shi ya ƙera hanyar. Su yi tsere don a ce wane ne ya riga shiga kasuwa, su sha gaban juna a kwana, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waje yana gaisawa da iska. Da aka karya darajar kuɗin sefa, mai ya yi tsada, sai suka ƙaro wata dabara: in mota ta kai kan tudu sai a kashe inji, a sake ta ta gangara da nauyinta. Sun ce tattali ne. Ƙarya suke yi, rabinsa tattali rabinsa burga, don wanda ya fi daɗewa bai taɓa birki ba shi ake tafa wa a tasha.

Sau ɗaya Toma ya taɓa shiga motar ɗansa. Suna kaiwa kan wani tudu ya ji inji ya yi shiru, mota ta kama gudu ba ƙara sai iska da kukan ƙarfe. Ya riƙe ƙofa gam. Da suka sauka ƙasa ya ce wa yaron abin nan ba kyau. Timoti ya yi dariya ya ce, “Baba, kowa haka shike yi. Motag ga ta san hanyatta.” Toma yana da maganganu da yawa a ciki, amma bai saba fitar da su ba, sai ya juya yana kallon gonaki.

Cikin bazarar shekara ta casa'in da biyar, a wani gangaren dutse tsakanin Keita da Buza, motar ta ƙi kwana. Waɗanda suka tsira sun ce inji a kashe yake, kuma da Timoti ya taka birki ya ji shi da tauri kamar dutse. Mutum huɗu suka mutu nan take, dukansu samari: shi direban, da aparantinsa, da wasu biyu da ke zaune a kan buhuna.

Labari ya yi yawo kafin ya iso unguwar mishan. Da Fasto Bulus ya zo ya faɗa masa, Toma bai yi kuka ba. Ya shiga rumfar aikinsa ya jawo katakon da ya fi kyau, ya haɗa akwati daidai tsawon ɗansa, bai ko nemi magwaji ba. Ya sassaƙa sunan a kan gicciye. Aka ɗora akwatin a motar majami'a, shi da fasto suka kama hanya, da niyyar su ɗauko Timoti a kwantar da shi kusa da uwarsa.

Suka tarar an riga an rufe su. Mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen manoma ne Musulmi, kuma sun yi abin da suka san ana yi wa baƙon da ajali ya tarar a hanya. Zafi ya yi yawa, masu rauni an kwashe su zuwa Keita, ba wanda zai ce wane ne wane. Da jandarma suka ba da izini sai suka yi wa gawawwakin wanka, suka haɗa likkafani daga gida-gida, suka yi musu salla, suka jera su a gefen hanya fuska gabas kafin rana ta faɗi. Ba wanda ya tambayi addinin kowa, don a wannan gefen ba a taɓa tunanin saurayi Ba'adare, wato ɗan yankin, zai zama wani abu dabam ba. Kabari huɗu iri ɗaya, an tara duwatsu an rufe da ƙaya, ba suna ba alama.

Fasto ya yi musu godiya, kuma har ransa ya yi ta. Toma dai abu ɗaya ya tambaya, wanne ne na ɗansa. Aka kira tsohon da ya yi wankan, wani mai suna Ɗangana, ɗan ƙaramin mutum mai farin gemu da idanu masu ruwa. Tsohon ya daɗe yana kallon Toma, ya kalli akwatin da ke bayan mota, sannan ya taka a hankali zuwa kabarin farko, wanda ke gindin wata aduwa, ya ce wannan ne. Toma ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ya so ya kafa gicciyen, Ɗangana ya roƙe shi ya bari saboda sauran ukun da ke kusa, shi kuwa bai ja ba. Tunda ya san wurin, ya ishe shi. Suka koma da akwatin ba kowa a ciki, daga baya aka binne wani tsohon mai gadi a cikinsa.

Daga nan rayuwar Toma ta koma gida biyu, rumfar katako da gindin aduwa. Gidansa ya yi masa faɗi. Matan majami'a suna aiko masa da tuwo, ya ci rabi ya rufe sauran. Da ya ji motar haya ta rage gudu a bakin titi sai ya ɗaga kai, ko da ya san ba mai saukowa. Kaɗaici ya kama shi sosai, irin wanda ba ya barin mutum ko a tsakiyar masu waƙa ranar Lahadi. Abin da ke riƙe da shi kawai tafiyar nan. In ya samu sarari sai ya shiga mota, ya roƙi direba kada ya kashe inji, samari su yi masa dariya, ya sauka a gangaren. Ya gyara duwatsun da ruwa ya ture, ya sabunta ƙaya, ya zauna a inuwa ya ba Timoti labarin unguwa. Abin haushi, maganar da bai iya yi wa yaron yana da rai ba, a nan take zubo masa ba wahala.

Wata rana bayan girbi, shekaru sun ɗan tura, ya iso ya tarar da wani a wurin zamansa. Dattijo ne kamarsa, da rawani da sandar makiyaya, ya tuɓe takalma yana addu'a. Toma ya jira ya shafa, suka gaisa. Mutumin ya ce sunansa Isaka, daga wajen Ibohamane, kuma nan ɗansa Zaharaddini yake kwance. Ya ce yaron ya hau motar ne zai je sayo wa ƙanwarsa kayan aure. Ya ce bai cika samun zuwa ba saboda dabbobi, amma duk zuwan da zai yi sai ya tarar an gyara kabarin, Allah ya saka wa mutanen garin nan. Toma ya tambaye shi yadda aka yi ya gane wannan ne. Isaka ya ce ai tsohon da ya yi musu wanka ne ya kama hannunsa ya nuna masa.

Toma ya ja ƙafarsa ya shiga ƙauyen, ya sami Ɗangana a ƙofar gida yana tufkar igiya. Tsohon ya ƙara tsufa, amma da ya ga fuskar Toma ya san abin da ya kawo shi, bai kuma yi ƙoƙarin kauce wa maganar ba. Ya ce yadda duwatsu suka yi wa yaran nan, ko uwayen da suka haife su ba za su rarrabe su ba, kuma tufafinsu an cire an binne tun kafin a kawo masa su. Ya ce shi bai san ko ɗaya ba, tun ranar farko.

“To don mi kac ce mini wancan na?” in ji Toma.

Ɗangana ya ajiye igiyar. “Ukku suna rana, guda na cikin inuwa. Uba ya taho tun daga nesa shina tambaya ta. Wa za ni ce ma nashi na cikin rana?”

Toma ya so ya yi fushi, ya nemi fushin bai same shi ba. Abin da ya samu baƙin ciki ne sabo, kamar yau aka zo masa da labarin. Duk shekarun nan wataƙila da ɗan wani yake hira, wataƙila kuma da nasa, ba mai iya faɗa masa har abada. Ya tsaya a bakin hanya yana tunanin ya je ya gaya wa Isaka gaskiya, don shi ma ya ɗanɗana. Sai ya tuna hannun wa ke kan sitiyari ranar, da wanda ya kashe injin. Ɗansa ya riga ya karɓe wa mutumin nan ɗa. Abin da ya rage wa Isaka wurin zama ne a gindin itace.

Da ya koma Isaka yana sa takalma. Ya dubi Toma da kyau, kamar sai yanzu ya lura ba ɗan garin ba ne, ya ce, “Kai ma kana da wani nan?”

Toma ya ce yana da shi.

“Wane na naka?”

Toma ya kalli ukun da ke rana. Na ƙarshe ya fi lalacewa, ruwan gangare ya ci gefensa, ƙayar ta watse, awaki sun bi ta kai. Shekara da shekaru yana wuce shi bai taɓa ɗora masa ko tsakuwa ba. Ya ɗaga hannu ya nuna shi.

“Wancan. Shi ad direban.”

Isaka ya kalli kabarin, ya kalli Toma. A ƙarshe ya ce Allah shi jiƙan su gaba ɗaya. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar tudu, bai miƙa hannu ba, bai kuma waiwayo ba.

Toma ya bi gangaren yana tsinto duwatsu, yana ɗingisawa, yana jera su a gefen da ruwa ya ci. Da ya gama ya zauna a ƙasa mai zafi, ya buɗe baki zai fara ba da labarin unguwa kamar yadda ya saba, sai ya rasa sunan da zai kira. Can sai ya ce, “Ɗan wa kake, ban sani ba. Ni dai na zo.”